Ɗaki Mai Taya Huɗu

Ƙanen matata da ke zaune a Beljiyam shi ya jawo mini wannan tafiya. Wajen ƙarfe 11 na dare ya turo hoto ta WhatsApp, hoton tallar mota: wata tsohuwar Volkswagen mai faɗin goshi, ruwan goro daga ƙasa, fari daga sama, an ɗaga rufinta ya wage kamar bakin kada. A ƙasan hoton ga kuɗinta, Yuro 28,000. Sai ga saƙon murya ya biyo baya, yana magana yana dariya: "Yaya, don Allah duba da kyau. Ba irin wannan ce Kawu ya bar wa kaji a Tawa ba?"

Irinta ce sak, har launin. Da yake kuɗinmu a ɗaure yake da Yuro, kowane guda kusan sefa 656, lissafin bai ba ni wuya ba. Ya haura miliyan 18. Na ajiye wayar, na sake ɗauka, na sake bugawa ko sifili ne na ƙara. Uwargida ta juyo ta ce lafiya? Na ce lafiya lau. Ta ce, "In dai wata motar ce kuma, wallahi a cikinta za ka kwana."

Tana da hujja. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wani tantabaru, wani ƙwallo, ni kuwa tsofaffin motocin nan masu ɗaki a ciki, waɗanda Faransawa ke kira kampin-kar, su suka karɓe ni. Na san inda kowace take kwance a Yamai. Akwai wata Peugeot J7 wajen Katako da aka cire wa tayoyi aka mayar shagon cajin waya, amma har yau ga 'yar tagar rufin nan da ke nuna da can mutum ya kwana a ciki. Akwai wata doguwar Mercedes a wani lungu na Yantala, bayan katanga, sai ka yi ɗage kake hango rufinta. Sai da na shekara biyu ina gaishe da maigadin gidan kafin ya bar ni na leƙa. In ina cikin taksi na hango rufi mai ƙusumbi a wani garaji, sai in ce direba ya sauke ni, in biya kuɗin inda ban kai ba.

Kuma ina da tawa ta kaina. Volkswagen ce ita ma, ƙanwar ta Kawu, mai kusurwa huɗu kamar akwati, irin wadda masu sani ke kira T3, ƙirar 1984, injin gazuwal. Wani ma'aikacin ƙungiyar agaji ne ya tafi ya bar ta a garaji, uban garajin ya gaji da ganinta ya sayar mini miliyan ɗaya da jaka 200. Ranar har sadaka na yi, wai na tsinci dami a kala. Araha ba ta ado. Kafin ta iya kai ni Bubon bakin kogi ta dawo da ƙafarta, sai da na sayi tayoyi da batir, aka sauke inji aka mayar. Ina da littafi da nake rubuta duk abin da ta ci. Tun da jimla ta wuce ninki biyu na kuɗin sayenta na daina tarawa, rubutawa kawai nake yi. Uwargida kishiya take kiranta, ta ce ita ce kishiyar da ba ta karɓar girki, sai dai ci.

Mako biyu bayan hoton nan na ɗauki hutu, na ce zan je gaishe da Kawu. Ban yi ƙarya ba, sai dai ban faɗi duka ba. Na ɗauki bakanikena, mutumin Dogon Dutsi, wanda ya fi ni sanin cikin motar nan da wajenta, kuma ya fi kowa cin gajiyarta.

Mun bar Yamai bayan sallar asuba, don yanzu ba mai son dare ya same shi a hanyar nan. Daga Yamai zuwa Tawa wajen kilomita 550 ne: Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, sannan a Tsarnawa ka saki hanyar Maraɗi ka miƙe arewa. Manyan bas-bas a yini guda suke cinye ta. Mu kwana biyu muka ba kanmu. Injin motata ƙarfin doki 50 gare shi, irin na ƙaramar Golf ne aka kishingiɗar a bayanta, ga shi yana jan gado da kabad da tankin ruwa da jarkoki da mu biyu. In ka ga ta kai 80, to gangara ce ko iska na bayanmu. Wajen Kure na ɗaga ƙafa ko za mu ga raƙuman dawa. Bakanike ya ce ba sai na rage gudu ba, a irin tafiyar da muke yi ko hawainiya ce ta gitta za mu ƙare mata kallo.

A wani shinge bayan Doso jandarma ya karɓi takardu, ya zagaya motar, ya ce a buɗe ƙofar gefe. Ya ga gado da labule, ga murhun gas mai baki biyu, ga ɗan kwanon wanke-wanke da famfonsa. Ya daɗe yana kallo. Ya kira abokin aikinsa ya ce zo ka ga ikon Allah. Sannan ya dube ni, ba alamar wasa a fuskarsa, ya tambaye ni ko mai gidan haya ne ya koro ni. Sai da na buɗe famfo ruwa ya zubo suka fashe da dariya, suka miƙo takarduna.

Muna tafe muna wasan da muka saba, kowa ya riga hango tsohuwar mota ya faɗi sunanta. Yawanci yanzu Hiace ce ta cika hanya, an lafta mata kaya har tsayinta ya ninka. Amma jefi-jefi za ka ci karo da Mercedes 207 mai gajeren hanci, ko Peugeot J5. Wadda ta taɓa zama ɗaki ba ta ɓuya ga wanda ya san alamarta: tagogin roba da aka yanka a jikinta daga baya, hujin shan iska a rufi, 'yar ƙofa a gefe inda ake ajiye tukunyar gas, wani lokaci da tsani a baya. A Kore Mairuwa muka ga wata 207 mai duk waɗannan alamu, an cire gado da kabad an cika ta da raguna. Wani ƙaton balami ya saka goshi a tagar robar yana kallon hanya, daidai inda wata Baturiya ta taɓa rataya labule. Ni na riga ganinta, na ci bakanike ɗaya.

Saura kaɗan mu shiga Dutsi allurar zafi ta tashi tsaye. Ciwon wannan ƙirar kenan. Inji yana can baya, wurin da ruwa ke hucewa yana can gaba bayan hanci, tsakaninsu dogayen bututu biyu ne a ƙarƙashin mota daga wannan kai zuwa wancan. Ko'ina a tsawon nan roba na iya tsagewa, kuma rana irin tamu ba ta barin roba ta tsufa da mutunci. Bakanike ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, ya fito da ruwan tsatsa a gemu. Ya yanki robar cikin taya ya naɗe wurin tam, muka ɗura ruwan da na tanada don shayi, muka lallaɓa gari. Can wani abokin yayan bakanike ya ciro bututu daga gawar wata Peugeot, aka rage shi ya shiga. Jaka 4 da rabi, da awa uku a zaune muna kallon dutsen da ya ba garin suna. Na ciro littafi na rubuta.

Muna cin dambu ne bakanike ya ce, "Ta Kawunka ba ta da wannan ciwo. Ita ba ta shan ruwa sam." Gaskiyarsa. Tun daga ta farko da aka fara ƙerawa a Jamus a 1950, mai gilashin gaba rabe biyu, har zuwa mai faffaɗan gilashi guda da ta gaje ta daga 1967 zuwa 1979, iska ce ke sanyaya injin, fanka na hura masa. Abin da ya sa Turawa masu ratso hamada suka yarda da ita kenan, babu ruwan da zai tafasa ya ƙone a tsakiyar rairayi. Amma ita ma da nata: bel ɗin fanka guda ne, in ya tsinke ba ka lura ba, cikin 'yan mintoci inji ya gasu. Ƙirar ta yi farin jini har a Birazil ba a daina yin ta ba sai ƙarshen 2013. Mai gilashi rabe biyun nan kuwa ita ce sarauniya. Wata irinta mai tagogi 21 an yi gwanjonta a Amurka a 2017 fiye da dala dubu 300. Ni dai duk yawon leƙe-leƙena ban taɓa ɗora ido a kan ko gawarta ba a ƙasar nan, kuma ban fid da rai ba.

A Ƙonni muka kwana, cikin gidan wani abokina. Wannan shi ne lokacin da motar ke biyana. Na ɗaga rufi, iska ta ratso ta ragar sauro, na ɗora buta a murhu, muka sha shayi ƙafa a miƙe, ina jin hayaniyar garin daga nesa kamar ba ni a ciki. Na ce wa bakanike ka ga mun tsira da kuɗin masauki. Ya ce ƙwarai, jaka 10 ta dawo, saura miliyan uku ba kaɗan. Da safe ya tsallaka kasuwa neman wani ƙarfen birki da ya daɗe yana cigiya, ya kuwa samu. Yawancin kayan gyaran motata ta nan suke shigowa, daga Illela da Sakkwato, don irinta ce ake fentawa ruwan ɗorawa a Legas ana kira danfo. A can ba mai ɗaukarta kayan tarihi, jakar aiki ce.

Daga Tsarnawa ƙasa ta sauya. Jan dutse ya fara, da faƙo, da rudun albasa jere a gefen ƙauyuka. Gidan Idder, Badagishiri, sai ga Tawa da azahar.

Gidan Kawu a tsohon gari yake, Bilbis. Aka yi gaisuwa, aka tambayi mutanen Yamai ɗaya bayan ɗaya, Inna ta dama fura, aka kawo cuku. Idona na kan bayan gida amma na danne, don ba a shiga gidan babba da ciniki a baki. Sai bayan la'asar na ce bari in zaga in ga tsohuwar.

Tana nan gindin bedi inda na san ta. Tayoyin sun narke tun tuni, an tallafe ta da duwatsu. Ruwan goron ya ƙone ya koma launin ƙasar Adar, sai in ka goga yatsa da miyau kake ganin asalinsa. Tambarin gaba babu, zagayen inda yake kawai ya rage, kamar tabon sakiya. Fitilun nuna hannu suna sama, gefen ragar shan iska, rufin kuma ta gaba yake buɗewa, ga mazaunin kaya a saman direba. Waɗannan biyun kaɗai sun gaya mini ta ƙarshe-ƙarshen ƙirar ce. Bakanike ya goge ɗan faifan da ke bayan kujerar gaba, lambar jikin ta fito, ta fara da 236. Lamba ta uku ita ce shekara, wato 1976. A gefen rufi har yanzu ana iya karanta Westfalia, kamfanin Jamus da tun 1951 yake karɓar waɗannan motoci tsirara ya shirya musu gado da kabad.

Na ja ƙofar gefe, ta yi ƙara, kaji uku suka fito ta tsakanin ƙafafuna. Tantin rufin ya tafi, Inna ta toshe wurin da zana. Gara ta cinye kabad ta bar fatar waje a tsaye, kana taɓawa yatsa ya shige. Ƙyallen kujera mai gidan dara, kore da rawaya, saura tafin hannu guda a lungun da rana ba ta kaiwa. Ƙasan motar kuwa, inda kashin kaji ya shekara da shekaru yana taruwa, ya huje har kana ganin tururuwa na wucewa. Abin mamaki sauran jikin garau yake, ƙarfe ba tsatsa, don a Adar ba damshin da zai ci shi. A Turai gishirin da suke zubawa a hanya lokacin sanyi shi ke cinye irin waɗannan motoci daga ƙasa. Tamu rana ce ke cin roba, gara ta ci katako, ƙarfen ya zauna.

Cikin kwanon wanke-wanke ƙwai biyar ne a kan ƙaiƙayi. A gefensa ga ɗan famfon nan na hannu. Ina da shekara takwas lokacin da Kawu ya ɗauke mu zuwa bikin wata 'yar uwa a Illela ta Adar, na wuni ina danna famfon nan ruwa na tsartuwa, har sai da aka make mini hannu. In ana neman inda cutata ta samo asali, nan ne.

Da dare Kawu ya sa aka shimfiɗa tabarma kusa da ita, ya fara ba bakanike labarin da mu muka sha ji, amma wannan karon na kasa kunne da kyau.

"Wagga mota hwa, bayan yunwar El Buhari na same ta, zamanin Kunce. Annasara biyu, miji da mata, sunka taho daga Agadas, rana ta ƙone su sun yi jajir. Matar ga masassara ta kama ta, kuɗɗinsu sun ƙare, so suke su kai Yamai su hau jirgi. Ni ko na yi Abijan shekara bakwai, ina jin Faransanci. Anka kira ni in yi tafinta, ƙarshe ni na saye."

A wancan zamani, in ji shi, da sanyi ya shigo sai ka ga Turawa na sauka kamar shamuwa da damina. Su tsallako teku zuwa Aljeriya, su gangaro Tamanraset, daga nan kilomita wajen 400 ba kwalta zuwa iyaka, su shigo ta Asamaka, su kama Arlit, sannan su hau hanyar uraniyom da ta biyo Agadas ta sauko Tawa. Yawancinsu Peugeot 504 suke korowa su sayar su ci riba su koma. Masu ɗaki a mota kuwa 'yan yawo ne, ba su cika sayarwa ba sai wuya ta yi wuya. Gasar tseren motoci ta Paris-Dakar ma tun karonta na farko, a farkon 1979, ta Agadas da Yamai ta bi, ta ƙara wa hanyar suna. Ya ce Baturen ya ba shi labarin wani rairayi kafin iyaka da ake kira Lawuni, inda gawarwakin motoci ke zube ko'ina, kowace an yashe ta har kujeru.

Jaka 600 ya biya, lokacin da faran ɗin Faransa guda yake sefa 50, sannan ya je duwan ya biya nasu aka ba shi takardu. Baturen ya bar masa komai: jarkoki, akwatin sifanu, bel ɗin fanka biyu, da wasu dogayen faranti biyu na ƙarfe masu huji-huji da ake shimfiɗa wa taya in ta nutse a rairayi. Na ce ina farantan suke? Kawu ya nuna ƙofar gida da haɓa. Su ne gadar da ke kan kwatar ƙofar zaure. Tun ina yaro nake taka su, yau ma na taka su na shigo, ban taɓa sanin sun ratso Sahara ba.

Shekara goma ya yi yana cin kasuwanni da ita, Badagishiri, Keita, Abalak, ya sayar da yadi da rana ya ja labule ya kwanta da dare, ba ya neman masaukin kowa. Amaren unguwar da ta kai ɗaki ba su ƙirguwa. Sannan abubuwa suka haɗu. Tawaye ya tashi a arewa, Aljeriya ta rikice daga 1992, Turawa suka ɗauke ƙafa, su ne kuwa ke zuwa da kayan gyara a bayan motocinsu. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka kuɗi. Shekarar da Ba'are Mainasara ya karɓi mulki, 1996, wani abu ya yi ƙara a injin, Kawu ya sa yara suka turo ta gindin bedi kafin a samo kayan. "Kahin a samo kayan," ya maimaita, ya yi dariya har da tari.

Ya aiki jikansa ya ɗauko wata leda daga ɗaki. Taswirar Michelin ce mai lamba 153, ta arewaci da yammacin Afirka, ta yayyage a kan kowane ninki an liƙe da salatif. Baturen ya bi hanyarsu da fensir, ya sa ɗan gicciye duk inda suka kwana. Gicciye na ƙarshe a kan Tawa yake.

Kafin mu kwanta bakanike ya buɗe murfin inji da tocila a baki. Ya kwashe sheƙar ɓeraye cike da kwano, ya kwance buji huɗu, ya ɗura gazuwal a kowane rami ya ce a bar shi ya kwana yana jiƙa. Sannan muka hau motata muka zauna lissafi, shi yana faɗi ina rubutawa. Tayoyi, batir, duk wata roba da ke jikinta daga ta gilashi har ta birki, wayoyin wuta da ɓeraye suka tattaune, bututun mai (wannan ya nanata, don tsohon bututun mai a kan inji mai zafi shi ke ƙone irin motocin nan ƙurmus), mai walda ya sake ƙasa, kafinta ya sake kabad, tela ya ɗinka tanti, fenti, da kuɗin babbar motar da za ta ɗauke ta zuwa Yamai. Ya ce in Allah ya sa injin bai mutu ba, miliyan 3 kafin ta taka kwalta da ƙafarta.

Uku daga 18, ai da saura. Nan ne na tsaya na yi wa kaina gaskiya. Wadda ke cikin hoton tana Turai, da takardun Turai, da kabad ɗinta na asali da ƙyallenta na asali, kuma abin da masu sayen ke zuba kuɗi a kai kenan. So suke su buɗe ƙofa su ji warin hutun da iyayensu suka kai su suna yara. Kabad ɗin da kafintan Katako zai yi mini, ko ya fi na Jamus kyau, a wurinsu ya rage mata daraja. Ga fitar da ita. A lokacin iyakarmu da Benin a rufe take tun 2023, sai dai a zagaya ta Burkina zuwa Lome, a biya kwantena, a biya jirgin ruwa, a biya na can, sannan a zauna jiran mai saye. A nan gida kuwa wa zai ba ka ko miliyan 2 a kan motar da ta girme shi, alhali da kuɗin zai sami 'yar Toyota mai sanyi? Farashin da na gani a waya gaskiya ne, amma na wata kasuwa ce da ba ta ci a garinmu. Kawu ya ce masu sayen tsohon ƙarfe sun zo sau biyu, sun taya jaka 75, a kan nauyi.

Duk da haka da safe na nuna masa hoton, don bai kamata in ɓoye masa ba. Ya sa tabarau, ya nisanta wayar, ya daɗe. Na faɗa masa kuɗin da sefa. Bai ko ɗaga gira ba.

"Tasu an wanke ta," ya ce. Ya miƙo mini wayar. "Kai ɗana, taka da ka zo da ita, nawa ka saye ta?" Na faɗa. "Nawa ta ci?" Na faɗa, na ɗan rage. "Nawa ta kawo?" Bakanike ya juya baya yana gyaran murya.

Inna da ke tankaɗe a ƙofar madafa ta ce ita dai ba ruwanta da Yuro, amma duk mai son ɗaga motar nan sai ya fara gina wa kajinta wurin kwana, mai ƙofa, don muzuru bai taɓa shiga wannan ba. Murhun gas ɗin motar ma yana ɗakinta, da shi take dafa shayi in ana ruwa, kada wanda ya sa ran ta mayar.

Kawu ya bari ta gama, sannan ya ce, "Ba ni saida ta. Amma in kana iyawa ka tashe ta, ka tashe ta. Ka kai ni kasuwar Badagishiri ciki sau guda, in zamna gaba, mutane su gane ni. Bayan nan mi kake so ka yi da ita, kai ka sani."

Muna cikin haka bakanike ya kira ni daga bayan mota. Ya ɗora sifana a kan babban notin inji, ya ce in riƙe tocila. Ya danna, shiru. Ya jijjiga gaba da baya, ya sake dannawa da nauyin jikinsa duka. Sai wani ɗan ƙara, kamar an buɗe tsohuwar ƙofa, notin ya motsa. Ya ci gaba a hankali har ya zagayo da shi sau ɗaya cur, baƙin gazuwal na tsartowa ta ramukan buji yana ɓata masa riga. Ya ɗago ya dube ni. Shekara kusan 30 a kwance, injin bai kafe ba. Yaran gidan suka ɗauki ihu kamar ta riga ta tashi, kaji suka watse.

Na koma motata na ɗauko littafin nan. Na tsallake shafukan kishiya, na buɗe sabon shafi can baya, na rubuta "Ta Kawu" a sama. Layin farko: gazuwal lita ɗaya. Layi na biyu: bulo da kwano na akurkin Inna, na bar wurin kuɗin fili sai magini ya zo.

Da yamma uwargida ta kira. Ta tambayi jikin Kawu, na ce da sauƙi. Ta tambayi Inna da yara. Sannan ta ce, "Motar fa, ba ta ba ku wahala ba?"

Na ce, "Wacce?"

Ta yi shiru. Ni ma na yi shiru.